Sif Ɗin Da Ya Fi Ƙofa Girma

Masu karatu, ku yi min uzuri, yau ba ni da bakin wasa. Na san da yawanku kuna leƙowa nan ne don ku ji ni ina tsokanar Injiniya, amma wannan makon ya zo min da abin da ya fi ƙarfin tsokana. Ga wanda yau ya fara shigowa: Injiniya shi ne mutumin da zan aura nan da sati uku. Shekararsa biyar yana aiki a wata ƙasa mai nisa, kuma da an ɗaura aure zan ajiye aikina na ɗakin gwajin jini in bi shi. Takarduna sun fito. Kaya kawai suka rage, kuma ban taɓa zaton kaya za su kai ni inda suka kai ni ba.

Goggo ce ta fara buɗe zancen. Yayar mahaifina ce, kuma tun da Baba ya rasu shekara uku da suka wuce ta ɗauki kanta a matsayin bakinsa. Ranar Asabar ta iso da farin mayafinta mai bakin zare da jakar nan tata da ba ta rufuwa, ta zauna a kujerar tsakiya, ta ce komai za a loda a jirgin ruwa. Gado, kujeru, firji, tukwane, labule, har tabarmar ƙofa. A ganinta macen da ta shiga gidan miji da akwati biyu baƙuwa ce, kuma baƙo ba ya ɗaga murya a gidan mutane. Mama tana gefe tana ninke wanki. Da aka tambaye ta, sai ta ce duk yadda na ga ya fi min.

Shi kuwa Injiniya dogon saƙo ya turo, mai lamba ɗaya, biyu, uku, kamar yana rubuta wa shugabansa rahoto. "Likita," haka yake ce min ko da yake ya san jini kawai nake aunawa, "gidan a hawa na huɗu yake, matakala ce kawai, kuma siririya ce. Wutarsu ba irin tamu ba ce, firjinki ba zai yi aiki ba. Jirgi sai ya yi wata biyu a hanya. Ki taho da tufafinki da takardunki, sauran mu shiga kanti tare ki nuna da yatsa."

Gaskiya ce zalla, kuma ni ba na faɗa da gaskiya sai in ta taka ni. Na bi jerin Goggo ina sokewa. Firji na bar wa Mama. Kujeru dama ba su kai a yi musu kuka ba. Tukwane Auta, ƙanwata, ta riga ta sa musu ido tun kafin a tambaye ta. Abu ɗaya ne alƙalamina ya ƙi sokewa, shi ne sif ɗin da ke ɗakina, wanda nake rataye kayana a ciki.

Baba kafinta ne. Shekara talatin yana yi wa mutane gadaje da ƙofofi, amma in kun shigo gidanmu ba za ku yarda ba. Gadon Mama ƙafarsa ɗaya a kan bulo take. Teburin cin abincinmu wani ne ya sa a yi masa, ya ce bai yi masa ba, Baba ya kwaso shi gida. Kullum cewa yake in aiki ya lafa zai yi wa gidansa, aiki kuwa bai taɓa lafawa ba sai da ciwo ya lafar da shi. Da ya kasa zuwa shago, sai ya sa aka riƙa kawo masa katako gida, allo ɗaya yau, biyu gobe. Ya ce zai fara da na Babba, wato ni, sannan ya yi wa Mama nata. A cikin ɗakina ya yi aikin, wata huɗu, yana yi yana hutawa yana tari. Ƙofa uku, madubi a ta tsakiya, aljihu huɗu a ƙasa. Ya gama shi da sati shida ya rasu. Na Mama ko yanka katakonsa bai yi ba.

To, kun ji abin da ake so in bari in je kanti in nuna da yatsa.

Ranar Litinin ma'aikacin kamfanin jigila ya zo awo, sanye da riga mai tambarin kamfaninsu, da tef ɗin awo a ƙugu. Ya auna tsawon sif, ya auna faɗinsa, ya rubuta. Sai ya juya ya auna ƙofar ɗakin. Ya sake auna sif. Ya leƙa taga, ya ga ƙarfen da ke jikinta, ya dawo ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Hajiya, ta ina wannan ya shigo?"

Na ce masa bai shigo ba, a nan aka haife shi.

Bai yi dariya ba. Ya ce sif ɗin ya fi ƙofar tsawo da kusan taƙi guda, ko an kwantar da shi lungun da ke waje ba zai bari a juya shi ba. Ya zagaya yana neman kan ƙusa ko noti da za a kwance, bai ga ko ɗaya ba. Ya ce abu biyu ne: a fasa bango, ko yaransu su sa zarto su raba shi uku, can a ɗaure da ƙarfe, kuma kamfani ba ya ɗaukar alhakin yadda zai koma. In na samu yadda zan yi, motarsu za ta bi ta unguwarmu ranar Asabar da ƙarfe goma, daga nan sai a rufe kwantena.

Da ya fita na zauna a bakin gado ina kallon sif, haushin Baba ya kama ni, Allah ya gafarta min. Mutumin da ba ya yanka katako sai ya auna sau uku, ya manta da ƙofa?

Da la'asar Injiniya ya kira. Ina ganin fuskarsa a waya, yana cikin rigar sanyi mai ruwan toka, kofi a hannu. Na ba shi labari ina jiran ya ce sannu. Sai ya ce ai shi ke nan, magana ta yanke kanta. Ya ce akwai wani kanti kusa da shi mai sif iri-iri, har da mai fitila a ciki.

Na ce, "Baba ne ya yi shi."

"Na sani. Amma Likita, ki duba da kyau, katako ne fa."

Wallahi da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Na ce masa in katako ne, to ni ma ƙashi ce da fata, ya shiga kantin ya duba ko suna da irina mai fitila a ciki. Na kashe wayar. Ya sake kira sau huɗu ban ɗauka ba. Saƙonninsa suka yi ta shigowa ina ganin kawunansu, na ƙi buɗewa. A raina ina cewa, mutumin da bai ga Baba a jikin sif ɗin nan ba, me zai gani a jikina in na yi shekara goma a gidansa? Kada ku ce na yi zafi, na san na yi. Amma tsoro ne ya fito a siffar faɗa. Zan je inda ba wanda ya san ko 'yar waye ce ni, kuma ina son abu ɗaya a ɗakin da ya san ni tun kafin in zama matar wani.

Goggo da ta ji, cewa ta yi a fasa bangon, ai ba bangon masallaci ba ne. Mama ta ce duk yadda na ga ya fi min.

Ranar Laraba da na tashi daga aiki na wuce tsohon shagon Baba. Abokin aikinsa na nan, wanda muke kira Kawu Zarto tun muna yara saboda minsharinsa in ya kishingiɗa bayan azahar. Na same shi da fensir a bayan kunne, garin katako har a girarsa. Na faɗa masa Baba ya yi kuskure, ya gina sif ɗin da ba ya fita.

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ubanki ya yi kuskure da yawa a duniya, 'yata. Ya bar mutane sun cuce shi, ya ƙi zuwa asibiti da wuri. Amma a katako ban taɓa kama shi ba. Gobe ki zauna a gida."

Na ɗauki hutun kwana biyu. Da hantsi ya iso da 'yar jakar kayan aikinsa. Ya tsaya gaban sif ya ƙare masa kallo, don tun ranar rasuwa bai sake shiga ɗakin ba. Sannan ya sa ni da Auta muka kwashe kayan ciki, muka tara a kan gado: dogayen rigunana, fararen rigunan aiki, mayafai, takalman da na manta ina da su. Ya buɗe ƙofar hagu, ya zura hannu can sama ta ciki yana lalube kamar mai neman makunnin fitila. Sai na ji ƙas. Ya zaro wata 'yar ƙusar katako, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Ya tura allon saman da tafin hannu, allon ya zame ya fito salin alin.

Ya juya shi ya miƙo min. A bayan allon, gefen da ba a shafa wa komai ba, akwai rubutun fensir. Na gane hannun tun kafin in karanta, don Baba yana rubuta bakwai da 'yar sanda a tsakiya, kuma layinsa kullum gangarawa yake. Lamba ɗaya ce a cikin da'ira, da kibiya, a ƙasa kuma an rubuta: "Ranar da Babba za ta tafi, a fara daga nan. Kada a buga. A ja a hankali."

Auta ta fashe da kuka. Ni ban yi ba a lokacin, na dai zauna a ƙasa da allon a cinyata.

Kawu ya ce haka Baba yake aiki tun suna samari. Ba ya sa gam, ba ya sa ƙusar ƙarfe a kayan da ya ɗauka da muhimmanci. Sai ya sassaƙa kowane allo ya shiga cikin ɗan'uwansa, ya kulle da ƙusar katako, ya bi bayansu da lamba. Wai yana cewa mai kaya ba ya dawwama a gida ɗaya, bai kamata kayansa su riƙe shi ba. Ashe bai manta da ƙofa ba. Ya san zan tafi tun ban san da Injiniya a duniya ba.

Muka bi lambobin. Biyu tana nuna uku, uku tana nuna huɗu. Kawu yana zarewa, ni ina karɓa, Auta tana zuba ƙusoshin a gwangwanin madara, kowace da lambarta a jiki. Kafin la'asar sif ɗin da ya gagari ƙofa ya zama allo arba'in da shida jingine a bango, madubin a naɗe cikin bargo. Duk tsawon aikin nan Mama ba ta leƙo ba. Tana kicin, sai ƙarar tukwane muke ji. Ta aiko wa Kawu da ruwa da abinci, ta ce a gaishe shi da aiki.

Sai a lokacin na buɗe saƙonnin Injiniya. Na farko ban-haƙuri ne, na biyu ma haka. Na uku ya ce ya yi magana irin ta wanda bai taɓa binne uba ba, in yafe masa. Daga nan sai hotuna: tef ɗin awo a kan matakala, tef a kwanar bene, tef a ƙofar gida, kowanne da lamba a rubuce. Na ƙarshe ya ce, "In za a iya raba shi, auna min allon da ya fi tsawo." Na auna na tura masa tare da hoton rubutun Baba. Sai ya rubuto: "Zai wuce, da ragowar yatsa biyu. Ni zan hau da su da kaina. Allah ya jiƙan Baba." Na karanta ya fi sau goma. Na ji sonsa ya dawo min sabo, har da kunyar abin da na faɗa masa.

Da a nan labarin ya tsaya, da yau da wasa na zo muku.

Yau Juma'a. Ni kullum ƙarfe shida da rabi na bar gida, amma yau ina hutu, kuma ina jin Mama ta manta. Wajen ƙarfe takwas ina zaune a ƙasa a bayan ƙofa ina naɗe allunan da tsofaffin zannuwa, sai ƙofar ta buɗe. Mama ce, da ɗaurin ƙirji da tsohon ɗankwalinta mai ruwan ƙasa, tsumma a hannu ɗaya, 'yar kwalbar mai a ɗayan. Ba ta gan ni ba. Ta shigo tana magana ƙasa-ƙasa, irin muryar da take yi wa Baba magana da ita in ta kai masa shayi.

"Malam, jiya dai famfon nan ya sake..."

Sai ta tsaya. Ta san an kwance shi, a gidan take aka yi. Ƙafarta ce kawai ta kawo ta yadda ta saba. Ta tsaya a gaban bangon da babu komai sai shatin inda sif ya zauna, fentin wurin ya fi na sauran haske. Hannunta mai tsumma yana ɗage, ta rasa inda za ta sa shi. Ta kai minti guda a haka. Da ta juya ta gan ni, sai ta yi 'yar dariya ta ce tsufa ya fara taɓa ta, ta fita.

Na samu Auta a ɗakinta tana shirin makaranta. Ban gama tambaya ba ta ce, "Yaya, ke kaɗai ce ba ki sani ba." Ta ce kullum in na fita aiki Mama sai ta shiga ɗakina ta goge sif ɗin tun daga sama har ƙasa, tana ba shi labarin gida, wanda ya zo, abin da ya lalace, abin da Goggo ta ce. In ta gama ta yi wa Baba addu'a ta jawo ƙofa. Ranar da nake gida ba ta shiga. Ta hana Auta faɗa min, wai kada in ji nauyi.

Shekara uku ina buɗe sif ɗin nan ban taɓa ganin ƙura a jikinsa ba, kuma ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Ni da nake gane ciwon mutum daga ɗigon jini, ban ga na uwata ba muna gida ɗaya. Na yi ta faɗa da Goggo, na yi ta faɗa da Injiniya a kan abin da Baba ya bar min, ban tsaya na tuna cewa ita bai kai ga barin mata komai ba sai gado mai ƙafa a kan bulo. A wata ɗaya zan ɗauke mata 'ya, in ɗauke mata inda take gaisawa da mijinta, ita kuwa tana ta cewa duk yadda na ga ya fi min. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Da na koma ɗaki na tarar ta riga ta dawo ta fita. A kan allunan ta ajiye kwalbar man da tsumman a ninke cikin leda. Na bi ta kicin da ledar a hannu. Ba ta juyo ba, tana wanke kofuna ta ce in riƙa shafa masa kaɗan-kaɗan, kada in sa masa ruwa, kuma ƙofar tsakiya tana so a ɗan ɗaga ta kafin a rufe. Na ce Mama, ko in bar shi? Ta ce ubana ya rubuta da hannunsa, ita wace ce da za ta tsallake. Ta ce in tafi in gama naɗin kafin gobe.

Ina komawa waya ta yi ƙara. Hoto ne daga Injiniya. Ya fitar da nasa sif ɗin ya ba maƙwabcinsa, ya share wurin, ya manna farar takarda a ƙasa daidai faɗin na Baba. A ƙasan hoton ya rubuta: "Wurinsa na jiransa."

Na dubi bangon da ke cikin waya, na dubi bangon da ke gabana. Na zauna na yi kukan da ban yi jiya ba. Da na gama na wanke fuska, na buɗe gwangwanin madara na ɗauko ƙusa mai lamba ɗaya, na riƙe ta a hannu na kira Kawu Zarto. Na tambaye shi ko lambobin nan suna komawa da baya, daga arba'in da shida zuwa ɗaya. Ya ce ai don haka aka yi su. Na ce to gobe ya zo da sassafe, kafin motar kamfani.

"Ɗaurewa za mu yi ko haɗawa?"

Na ce, "Haɗawa, Kawu. A ɗakin Mama. Amma ka sassaƙo wata ƙusar a madadin ta farko, wannan da ita zan tafi."

Ya ce Allah ya yi min albarka, ya kashe.

Na juya, sai ga Mama a bakin ƙofa, hannunta jiƙe da ruwan wanke-wanke. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Na shirya jin faɗa, na shirya jin zancen rubutun Baba. Ta dubi allunan, ta dube ni. Ta goge hannu a zaninta ta ce,

"Rufin ɗakina ya fi naki ƙasa. Kin auna?"

Ban auna ba. Na jawo aljihun tebur na ɗauko tsohon tef ɗin Baba, muka nufi ɗakinta. Ta durƙusa ta danne bakinsa a ƙasa da babban yatsa yadda ta saba riƙe masa, ni kuma na hau kujera ina jan sa sama. Ban kai ga rufin ba wayata ta fara ruri a aljihu, kuma na san mai kiran, na san bangon da yake tsaye a gabansa. Mama ta ɗago ta ce in ɗauka. Na ce mata ta riƙe da kyau tukuna, mu ga lambar.